Kyamarar Wayar Salula: Shin Mai Ɗaukar Hoton Yau da Kullum Yana Bukatar Mai Tsada?

BAUCHI. Ciniki ya sauya salo a shagunan sayar da wayar salula na birnin Bauchi, ko a kewayen Kasuwar Wunti ne ko a ƙananan shagunan bakin titi da ke Ɗan Iya. A shekarun baya, abin da mai saye ke fara tambaya shi ne ko wayar tana ɗaukar layi biyu, da kuma kwana nawa batirinta ke yi kafin ya mutu. A yau kuwa sai ka ga mutum ya juya bayan wayar yana ƙirga idanun kyamararta, sannan ya nemi a faɗa masa megafiksel nawa ce. Mai shago ma ya san haka, don haka da kyamara yake fara talla, da ita kuma yake kare farashi idan an taya ƙasa.

Tambayar da ta dace 'yan kasuwa su yi ita ce: shin mutumin da ba sana'ar hoto yake yi ba, wanda iyakar bukatarsa ita ce ya ɗauki hoton 'ya'yansa ranar Sallah, ko na rasiɗin banki, ko na kayan da yake son ya tura wa abokin ciniki, yana cin moriyar ƙarin kuɗin da yake biya saboda kyamara? Amsar da lissafi ke bayarwa ita ce, mafi yawan lokuta ba ya ci. Akwai wuraren da ƙarin kuɗin ke da hujja, amma ba su da yawa, kuma ba su ne waɗanda allunan talla ke nunawa ba.

Ya kamata a tuna cewa wannan harka ba ta daɗe ba. A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta na wannan shekara ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Watanni kaɗan kafin nan, a Nuwamba na 2000, kamfanin Sharp na ƙasar Jafan ya fitar da ɗaya daga cikin wayoyin farko masu ɗauke da kyamara, wadda hotonta ke ƙunshe da ɗigo 110,000 kacal. A lokacin, magidancin Bauchi da ke son hoto sai ya kira mai hoto, a jira fim mai ɗaukar hoto 36 ya cika, a kai wanki, sannan a ga abin da ya fito. Cikin shekara goma sha biyu lamarin ya juye har kamfanin Kodak na Amurka, wanda injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar farko marar fim a 1975, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairu na 2012. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Jafan sun nuna cewa an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwa a 2010, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar salula ta cinye kasuwar.

Da ta cinye ta, sai kamfanonin waya suka sami kansu cikin wata matsala. Wayoyi sun zama kusan iri ɗaya: gilashi ne shimfiɗaɗɗe, mai kira da karɓar saƙo da shiga intanet. Dole a sami abin da za a nuna wa mai saye don ya ajiye wayar bara ya sayi ta bana, kuma babu abin da ya fi lamba sauƙin tallatawa. Nokia ta fitar da waya mai megafiksel 41 a 2012. Samsung ta kai 108 a 2020, sannan 200 a 2023. Abin lura a nan shi ne, kamfanin Apple ya tsaya a kan megafiksel 12 tun daga 2015, bai ƙara ba sai a 2022 da ya koma 48 a manyan wayoyinsa, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru ba a taɓa sa wayoyinsa a sahun masu mummunan hoto ba.

Megafiksel dai ba wani abu ba ne illa ɗigo miliyan ɗaya daga cikin ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto. Sai a tambaya, ɗigo nawa idon mutum zai gani a inda hoton zai ƙare? Fuskar waya mai kyau, mai ɗigo 1,080 a faɗi da 2,400 a tsawo, tana nuna kimanin megafiksel 2.6 ne. Fuskar ƙaramar waya mai 720 da 1,600 ba ta kai megafiksel 1.2 ba. Idan aka wanke hoto a kan kati mai inci 4 da 6, wato girman da aka saba sakawa a albam, megafiksel 2.2 ya wadatar. Ko da cikakkiyar takardar ofis za a cika da hoton, abin da ake bukata bai kai megafiksel 9 ba.

Sannan ga babban mai yanke hukunci, wato WhatsApp, wanda ta cikinsa ne mafi yawan hotunan da ake ɗauka a Ɗan Iya ke bi. Manhajar tana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba har ya dawo kimanin megafiksel 2, don ya yi saurin tafiya kuma kada ya ci data. A watan Agusta na 2023 ta ƙara wani zaɓi na tura hoto da ingancin da ya fi haka, kuma ana iya tura shi a matsayin takarda don ya isa yadda yake, amma mutum nawa ne ke yin hakan? Ke nan wanda ya biya kuɗin megafiksel 200, ya tura wa 'yar'uwarsa da ke Azare hoton suna, ya zubar da kashi 99 cikin 100 na ɗigogin da ya saya a kan hanya. Hasali ma ita kanta wayar ba ta amfani da lambar da aka rubuta a kwalinta sai an umarce ta. A tsarinta na yau da kullum tana haɗa ɗigo 16 su zama ɗaya, ta fitar da hoto mai kimanin megafiksel 12. Wannan haɗin yana da amfani, domin yana taimaka wa hoto a wuri mai ƙarancin haske, sai dai ba shi ne abin da mai saye ya zaci ya biya ba.

Yawan idanun da ke bayan waya ma yana da nasa ruɗin. A manyan wayoyi kowane ido yana da aikinsa: ɗaya na hoton yau da kullum, ɗaya na ɗaukar wuri mai faɗi, ɗaya ko biyu na zuƙo abin da ke nesa. A wayoyi masu sauƙin kuɗi da dama kuwa, ido ɗaya ne ke aikin, sauran kuma ƙanana ne masu megafiksel 2 ko ƙasa da haka, waɗanda aka jera don bayan wayar ya yi kama da na mai tsada. Ba haramun ba ne a yi wa kaya ado, amma ɗan kasuwar da ya san bambancin shadda mai nauyi da wadda aka ɗaura wa sitaci bai kamata a sayar masa da ado a farashin aiki ba.

Duk wannan da sauƙi in da a ce da kuɗinmu ake ƙera wayar. Da dala ake shigo da ita, kuma kowa ya ga abin da ya faru da naira. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yuni na 2023, dala tana kan kimanin naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. A watan Janairu na wannan shekara ta 2024 Samsung ta sa wa babbar wayarta, Galaxy S24 Ultra, farashin dala 1,299 a Amurka. A kan naira 1,500, wannan ya kama kusan naira miliyan 1.95, kafin a ɗora kuɗin sufuri da na kwastan da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100 da ribar dillali. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Wato wayar ta ci albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan wata 28, bai ci ba bai sha ba, a shekarar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba.

Ga ɗan kasuwa lissafin ya fi haka zafi, domin kuɗin da ke aljihunsa jari ne. A ƙaddara, don misali kawai, cewa tsakanin babbar waya da matsakaiciya akwai ratar naira miliyan 1.5. A ƙaddara kuma mai shagon atamfa yana juya jarinsa sau huɗu a shekara, yana samun ribar kashi 5 cikin 100 a kowane juyi. Wannan rata za ta kawo masa naira 300,000 a shekara, kuma uwar kuɗin tana nan. Idan ya zuba ta a waya, ribar ta tafi, uwar kuɗin ma tana narkewa tun daga ranar da aka yage ledar kwalin. Idan kuwa bashi ya ci, to sai ya tuna cewa a Nuwamba na 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100, kuma bankunan kasuwanci a sama da haka suke ba da rance. Haka nan tsarin nan na karɓar waya a riƙa biya kaɗan-kaɗan, wanda ake kulle wayar daga nesa idan an yi jinkiri: yana sauƙaƙa shiga, amma idan aka tara abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe ya kan zarce farashin biya nan take. Wajibi ne a yi wannan tarin a kan takarda kafin a sa hannu.

Kuɗin ba a wurin saye yake ƙarewa ba. A lissafin Apple, minti ɗaya na bidiyo mai ingancin da aka saba yana cin kimanin megabayit 60, mai inganci na sama da ake kira 4K yana iya kaiwa 400, shi kuwa tsarin ƙwararru na ProRes yana cin kusan gigabayit 6 a minti ɗaya. Rumbun waya zai cika, a sayi mai girma ko a biya kuɗin ajiya a intanet, sannan a tura da datar da Hukumar Sadarwa ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin 100 a Janairu na 2025. Ga zafin watannin Maris da Afrilu a Bauchi, wanda ke sa waya ta ɗau zafi ta rage aiki idan aka daɗe ana ɗaukar irin wannan bidiyo. Ga kuma gyara: gilashin babbar waya idan ya fashe, kuɗin sauya shi kan sayi ƙaramar waya sabuwa. Wanda ya ga yadda aka kwashe kwanaki babu wutar lantarki a yawancin jihohin Arewa a watan Oktoba na 2024 ya san cewa a ranar da cajin waya ya zama abin biya a shago, batir mai juriya ya fi ido na huɗu daraja.

Kamfanin da ya fi kowa fahimtar wannan kasuwa shi ne Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda suka cika shagunan Bauchi da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Bai zama na ɗaya a nahiyar Afirka ta hanyar tseren lamba ba. Ya shigo ne da layi biyu, da batir mai daɗewa, da wuraren gyara na Carlcare, da kuma wani abu guda da ya shafi kyamara kai tsaye: ya daidaita ta don ta fitar da fuskar baƙar fata sarai. Tun zamanin fim, da fatar Turawa ake auna launi, shi ya sa a tsofaffin hotunanmu za ka ga farar riga tana ƙyalli, fuskar mai ita kuwa ta nutse cikin duhu. Sai a 2021 ne Google ya fito da nasa gyaran a wayar Pixel 6. Wannan ci gaba ne na gaske, wanda mai ɗaukar hoton yau da kullum ke amfana da shi a kowane hoto, kuma a waya mai sauƙin kuɗi ya fara isa hannun jama'a. Sai dai a wasu wayoyin an wuce gona da iri, ana goge fuska a haskaka ta har amarya ta fito kamar ba ita ba. Wannan kuma ana iya kashe shi a cikin saitin kyamara, kuma ya kamata a kashe.

To, a ina ne kyamara mai tsada ke biyan kuɗinta? Na farko shi ne duhu. Kyamara da haske take aiki, kuma manyan wayoyi suna da farantin karɓar haske mai faɗi da na'urar da ke hana rawar hannu ɓata hoto. Tun da Google ya fito da tsarin hoton dare a Nuwamba na 2018, wanda ke ɗaukar hotuna da dama a jere ya haɗa su, dabarar ta sauko har zuwa matsakaitan wayoyi. Amma tana aiki ne idan abin da ake ɗauka yana tsaye. A wurin kamu ko walimar dare, inda yara ke guje-guje ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, a nan ne ake ganin bambancin kuɗi ƙarara.

Na biyu shi ne nisa. Wanda ya tsaya cikin taro a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan Sallah, ko ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa gandun dajin Yankari da fatan ganin giwa, zai so a ce yana da idon zuƙowa na gaske, mai gilashi, domin a ƙaramar waya zuƙowa ba komai ba ne illa yanke tsakiyar hoto a buɗa shi, shi ya sa yake dusashewa. Amma sau nawa a shekara ake hawan Sallah, kuma sau nawa mutumin Ɗan Iya ke zuwa Yankari? Sannan a lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, babu gilashin da zai huda ƙurar da ke tsakaninka da abin da ke nesa. Game da zuƙowa ninki 100 da ake tallatawa kuwa, a watan Maris na 2023 an yi ta muhawara a duniya bayan da wani ya gwada ya nuna cewa wayar Samsung tana ƙara wa hoton wata zane-zanen da babu su a abin da kyamarar ta gani. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata ne sannan ta inganta hoton. Ko ma yaya aka kira shi, wani ɓangare na abin da ake sayarwa a matsayin ƙarfin gani hasashen kwamfuta ne.

Na uku, kuma wanda ya fi shafar masu karanta wannan shafi, shi ne hoton kasuwanci. Matar da ke sayar da atamfa da leshi daga cikin gida ta hanyar WhatsApp, da tela, da mai sayar da takalma, da dillalin filaye, duk sun fita daga sahun masu ɗaukar hoto don nishaɗi, domin hoton shi ne shagonsu. Sai dai ko su ma abin da suke bukata shi ne launi na gaskiya, ba yawan ɗigo ba. Babu abin da ke kawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa kamar a ga shuɗi a waya, a aiko da kuɗi daga Gombe, kaya su iso a tarar da ruwan toka. Wayoyi da yawa, har da masu tsada, suna ƙara wa launi armashi don hoto ya burge ido, kuma wannan armashin ne ke jawo a dawo da kaya. Maganinsa bai kai ko kwabo ba: a shimfiɗa yadin a inuwar zaure ko ta bishiya da hantsi, kada a sa shi a tsakiyar rana ko ƙarƙashin ƙwan shago, a kashe duk wani tsarin ƙawata hoto, a goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi domin maiƙon yatsa da ƙura su ne ke sa hoto ya yi hazo, sannan a ajiye farar takarda a gefe don mai saye ya sami abin auna launi. Matsakaiciyar waya a hannun wanda ya kiyaye waɗannan za ta kayar da babbar waya a hannun wanda bai kiyaye ba.

Akwai kuma aikin da kyamara ke yi wanda ba a kiransa ɗaukar hoto, alhali shi ne ya fi yawa. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki ya koma kan tura kuɗi ta waya, kuma manhajojin bankuna da na kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suna neman a nuna fuska ga kyamarar gaba kafin a buɗe asusu ko a ɗaga matsayinsa. Ana ɗaukar hoton katin shaida, da takardar kaya, da lambar mota. Duk wannan yana bukatar kyamarar da ke kama rubutu da sauri ba tare da dusashewa ba, abin da wayoyin da ke tsakanin dala 150 da 300 ke yi ba tare da wahala ba.

Masu shagunan waya su ma suna da abin dubawa a nan. Babbar waya guda ɗaya a cikin gilashi tana riƙe jarin da zai sayi ƙanana da dama, kuma idan naira ta farfaɗo ko sabon samfuri ya fito kafin a sayar da ita, asarar a kan mai shago take. Masu neman babbar waya a garuruwa irin Bauchi da yawansu ga ta hannu suke karkata, wadda aka yi amfani da ita a Ingila ko Amurka. Wannan hanya ce mai ma'ana ga mai son kyamara mai kyau, domin babbar wayar shekara uku da suka wuce har yanzu ta fi sabuwar ƙarama a hoton dare. Amma tana da nata haɗarin: batir da ya gaji, gilashin da aka sauya da na jabu, da kuma ƙarewar sabunta manhaja. Samsung da Google sun yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsu, amma daga Pixel 8 na 2023 da Galaxy S24 na 2024 alkawarin ya fara, bai shafi waɗanda suka gabace su ba.

Ga wanda ya riga ya shiga shago da kuɗinsa, akwai gwajin da bai wuce minti biyar ba, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. A ɗauki wayoyi biyu, mai tsada da matsakaiciya. A ɗauki hoton fuskar mutum a bakin ƙofa, da na wani yadi mai launi, da na rasiɗi, sannan a shiga can ƙuryar shagon inda haske bai kai ba a sake ɗauka. A tura duka ta WhatsApp zuwa waya ta uku, a duba su a can ba tare da an san wace ce ta ɗauki wanne ba, sannan a tambayi farashin kowace.